Ɗan Kwabon Kyamarar Gwaggo Hajara

Ni ce mai riƙon hotunan gidanmu. Ba wanda ya naɗa ni. Tun ina sakandare dai, duk wanda ya zo neman hoton wani, na raye ko na mamaci, sai a ce masa, "Je ka tambayi Shamsiyya." Da haka akwatin albam ya koma ƙarƙashin gadona. Saboda haka in na ce an zalunci Gwaggo Hajara, ba da ka nake faɗa ba. Hotunan suna hannuna, wanda yake musu ya zo Unguwar Kanawa in shimfiɗa masa tabarma.

Gwaggo Hajara yayar babana ce. Mijinta, marigayi Malam Inuwa, mai ɗaukar hoto ne a wata ma'aikatar gwamnati a nan Kaduna, shi ya koya mata sana'ar. A lokacin, gidaje da yawa namiji baƙo ba ya wuce zaure, sai a yi biki a gama, ango da abokansa na da hotuna iri-iri, amarya ko ɗaya ba ta da shi. Malam Inuwa ya ce wannan ba adalci ba ne. Ya rataya wa matarsa kyamara a wuya, irin mai fim ɗin nan da sai an wanke kafin a ga abin da aka ɗauka, ya ce ta shiga inda shi ba zai iya shiga ba.

A saman kyamarar akwai wani ɗan ƙarfe zagayayye mai juyawa, Gwaggo na kiransa ɗan kwabo saboda girmansa ke nan. In aka murɗa shi gefe ɗaya hoto ya ƙara haske, in aka murɗa ɗaya gefen haske ya ragu. Malam Inuwa ya gaya mata cewa kyamara in ta ga farin mayafi ko farar shadda ruɗewa take yi, ta ɗauka haske ya yi yawa, sai ta rage, fuskar baƙar mace ta nutse. Don haka ya murɗa ɗan kwabon zuwa gefen ƙari, ya ɗiga masa jan farce a daidai wurin, ya ce kada ta bar shi ya kauce daga nan. Shi ya sa matan Unguwar Kanawa da Kawo da Badarawa suke son hotonta. Ba ta mayar da kowa fara, amma za ka ga idon mace da hancinta da zanen lallenta kamar tana zaune a gabanka.

Da Malam Inuwa ya rasu, ta dawo gidanmu na gado da 'yarta Maimuna da kyamarar. Duniya ta canza, kowa ya samu waya, ɗakunan wankin fim na gari suka rufe ɗaya bayan ɗaya, har sai an aika Legas ta tasha ake wanko mata. Ba ta rabu da kyamarar ba. Kuma tsarinta bai canza ba: kafin ta ɗauki hoto a gida, ko kafin ta fita, sai ta zauna a bakin gado ta goge kyamarar da ɗan ƙyalle, ta duba komai, ta daidaita ɗan kwabo da ɗigon jan farce. In fita za ta yi, ta rataya ta a wuya, ta zumbula hijabi a kai. A zamanin ƙuruciyarta mace da kyamara a titi abin surutu ne, ta saba ɓoyewa, kuma sabon ya bi ta har tsufa.

A falon Kaka, Allah ya jiƙanta, akwai bango guda da ba a rataya komai sai hotunan amaren gidanmu. Duk 'yar da aka aurar, Gwaggo ke ɗaukarta ranar lalle, a sa a gilashi, a buga ƙusa. Mamata na wurin ita ma, don ta shigo gidan amarya. Ba a biyan Gwaggo a kan wannan, ba ta taɓa yarda ba.

Bara aka aurar da Maimuna. An yi lalle a tsakar gidanmu, hoto ya dawo daga Legas fes, aka rataya. Ba a daɗe ba sai ga bikin Ilham, 'yar Baba Ubaidullah, ƙanen babana da ya gina gida a Rigachikun. Mijin Ilham mai hali ne, an yi biki na gani na faɗa. Gwaggo ta tashi da sassafe ta goge kyamara, muka hau napep zuwa Kawo, daga nan muka shiga bas, a matse kamar kifin gwangwani. Ta ɗauki Ilham zaune, ta ɗauke ta tsaye, ta ɗauke ta da ƙawaye. Tun kafin hoton ya dawo babana ya buga ƙusarsa a bango.

Ranar da hotunan suka iso, Anti Aziza, mahaifiyar Ilham, ta zo da kanta karɓa. Ta zauna a falon Kaka tana fara'a, ta buɗe ambulan, sai fara'ar ta ɗauke. Na leƙa ta kafaɗarta. Hotunan sun yi duhu dukansu, kamar an ɗauke su a cikin rijiya. Farin leshin Ilham ya koma ruwan toka, fuskarta kuwa sai haƙora da farin ido.

"Yaya Hajara, mene ne wannan?"

Gwaggo ta karɓa, ta kai kusa da taga, ta juya. "Inna lillahi. Aziza, wallahi ban san me ya faru ba."

"Ba ki sani ba?" Anti Aziza ta miƙe ta nuna bango. "Ga na Maimuna can kamar wata ya fito. An zo kan tawa sai kyamara ta makance? Ita kyamarar ta san 'yar wa take kallo ke nan."

"Haba Aziza."

"Ba haba. Da ma ana ce min yarinya baƙa, yanzu kin ƙarasa ta. Wannan zan kai wa dangin mijinta? Su ce mun aura musu gawayi? In auren ne ya tsone miki ido, ai da kin faɗa, sai mu nemi wani."

Matar da ta yi wa Ilham wankan jarirai, ta goya ta lokacin da Anti Aziza ke zuwa ofis, ita ake gaya wa haka a falon uwarta. Na buɗe baki, Mama ta galla min harara, na haɗiye. Gwaggo ba ta ce komai ba sai, "Allah ya san zuciyata."

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Kafin magariba hoton ya shiga zauren dangi na waya, an jera shi da na Maimuna gefe da gefe, ba a rubuta komai ba sai "Ku gani da idonku." Mutanen da hotunan aurensu ke ƙarƙashin gadona, waɗanda Gwaggo ta ɗauka kyauta, su ne suka riƙa turo "Allah ya kyauta" da "Mutum sai Allah." Wata ma, ba zan faɗi sunanta ba, ta rubuta wai da ma ta daɗe tana lura. Lura da me? Ke da kika zo har ɗakina kina roƙon in ba ki hoton babanki da ya rasu, wanda ba ki da shi a ko'ina sai wanda Gwaggo ta ɗauka? Baba Ubaidullah kuwa, ƙanenta ciki ɗaya, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya daina zuwa gaishe ta ranar Juma'a, shi ke nan.

Gwaggo ta nannaɗe kyamarar a tsohon zani ta tura ƙasan akwati. Aka yi suna a maƙwabta ba ta ɗauko ba. Aka yi sauka ba ta ɗauko ba. Ƙusar Ilham na nan a bango ba komai a jikinta, duk wanda ya shigo falo sai idonsa ya faɗa kanta ya kawar da kai. Ita kuma ta rage zama a falon. Na ce mata, "Gwaggo, ki yi magana mana." Ta ce, "In ce me? Ni na ɗauka, ga shi ya yi baƙi. Na Maimuna ya yi kyau. In ni ce su, me zan ce?"

Wannan maganar ce ta hana ni sukuni. Wata Asabar na jawo akwatin, na zazzage duk abin da ta ɗauka a 'yan shekarun nan, don kowane hoto tana ba ni kwafi in adana. Na riƙa ware masu haske gefe, masu duhu gefe. Ashe ba na Ilham ne farko ba. Ga na bikin sunan jikar wata aminiyarta a Rigasa, ya yi duhu. Ga na walimar wata mai sayar da ƙosai a Mando, ya yi duhu. Su ba su yi ƙorafi ba, godiya suka yi, ita kuma ta ɗora laifin a kan masu wankin Legas. To wace hassada Gwaggo za ta yi wa mai ƙosai? Na koma kan masu hasken. Akwai na 'yan gidanmu, akwai na maƙwabta da ba su haɗa komai da mu ba, har da na matar da suka taɓa faɗa da Gwaggo a kan kwata. Abin da ya haɗa su ɗaya ne: duk a gida aka ɗauke su, ko a gidan da ke jikin namu, inda ba sai ta sa hijabi ta hau mota ba.

Na kwashe su na kai mata ɗaki na baje a kan gado. Ta daɗe tana kallo.

"Gwaggo, in za ki fita me kike yi wa kyamarar da ba kya yi a gida?"

"Ba komai. Yadda nake gogewa nan haka nake gogewa can."

"In kin isa gidan bikin kina sake dubawa?"

"In duba me? Na duba a gida. Tun Malam na da rai ba ta taɓa ba ni kunya ba."

Da ƙyar na sa ta ciro ta daga akwati. Ta warware zanin, ta murɗa ɗan kwabon ya hau ɗigon jan farce. Na sa yatsa na ɗan taɓa shi. Ko turawa ban yi ba, ya sulale kamar an shafa masa man gyaɗa.

"Haka yake da?"

Ta ce, "Da yana ƙas, ƙas in an murɗa. Na ji ya yi laushi, na ɗauka tsufa ne, irin na gwiwata." Sai ta dafe baki. "Shamsiyya, kullum in zan goge ta sai in tarar ya kauce. Yaran gidan nan sun sha zagi, na ɗauka su ke taɓa min."

Na ce ta daidaita shi, ta rataya, ta sa hijabi. Muka fita har bakin titi, muka tari napep zuwa Kawo, muka dawo, tana rungume da jaka a ƙirji kamar yadda take yi kullum. Muna shiga zaure ta ɗaga hijabin. Ɗan kwabo ya bar ɗigon ja, ya tafi can ƙarshen gefen ragi. Yadin hijabin da jakar ne ke gogarsa, duk gargadar hanya sai ya ɗan matsa. Gwaggo ta zauna a kan dakalin zaure, kyamarar a cinyarta, ta ce, "Allah sarki Ilham."

Ilham take tausayi. Ni kuwa a lokacin ba tausayi ne a raina ba.

Na ce ba za a gyara ba sai an gani. Ita ta ce ba za ta je ta tsaya gaban matar ƙanenta tana wanke kanta ba, kuma na ga gaskiyarta. Washegari na rataya kyamarar da kaina na tafi Rigachikun. Na tarar Ilham ta dawo gida goyon ciki, tana kwance a uwar ɗaki, ƙofar a buɗe. Anti Aziza na falo tana gyaran zogale.

Na gaishe ta, na ce, "Anti, abu na zo in nuna miki."

"In saƙon gwaggonki ne, ki koma da shi."

"Ba ta aiko ni ba. Ki dubi wannan ɗigon kawai."

Na sa ta murɗa da hannunta. Na rataya, na sa hijabi, na rungume jakata, na zagaya tsakar gidan, na zauna, na tashi, na fita bakin get na dawo. Mai yi musu wanki har ta tsaya tana kallona, ta ɗauka aljanu ne. Na ɗaga hijabin. Ya kauce. Na fito da hoton mai ƙosai da na Rigasa na ajiye mata a kan tire, na yi mata bayani tiryan-tiryan.

Ta kalla, ta sake kallo, ta ci gaba da tsinke zogalenta.

"To ai shi ke nan, tunda ƙarfe ne. Wa ya ce ta yi ta riƙon tsohon kaya? Duniya ta ci gaba."

"Anti, a zauren dangi aka sa hoton. A can ya kamata a faɗi wannan ma."

"Ke Shamsiyya, ni za ki koya wa abin da ya kamata? Magana ta wuce, kina so ki tono ta."

A wurinta ta wuce. Ita da ba ta zaune a gidan da ƙusa ke kallonta safe da yamma. Na sa bayanin a zauren da kaina, da ɗan bidiyo. Waɗanda suka yi rige-rigen turo "Mutum sai Allah" duk suka gani, alamar ta nuna min, amma ba wanda ya tanka sai wani kawu da ya turo addu'ar safiya.

Gyaran kuwa bai ɗauki komai ba, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Muka kai wa Malam Ila mai gyaran agogo a kasuwar Kawo. Ya maƙala gilashinsa a ido, ya juya kyamarar.

"Hajiya, wannan ai ta girme ni. In na buɗe ta mutu, ba ruwana da jana'iza."

"Buɗe kawai, Malam Ila. Agogon Malam Inuwa ma kai ka kashe shi, ban kai ka ƙara ba."

"Ni? Da ciwonsa ya zo!"

Ya ɗaga murfin ɗan kwabon da bakin ɗan sukudireba. A ƙasa akwai wani noti ƙarami da ya kwance, da wani ɗan ƙwallon ƙarfe kamar ƙwayar gero da ya fice daga raminsa. Shi ne mai yin ƙas ɗin, shi ke riƙe ɗan kwabo a inda aka ajiye shi. Ya mayar da shi da hantsaki, ya ɗan tanƙwara siririn ƙarfen da ke danne shi, ya ɗaure notin. Gwaggo ta murɗa. Ƙas. Ta sake murɗawa. Ƙas. Ta kawar da kai tana gyara hijabin da ba abin da ya same shi. Ƙwayar gero guda, a kanta aka kira dattijuwa mai hassada.

Da Ilham ta haihu, Anti Aziza ta sanar a zaure cewa an ɗauko mai hoto na zamani, kowa ya shirya. Gwaggo ta ce za ta je suna, don jinin ƙanenta ne, amma hannu rabbana za ta je. Ana gobe suna wayata ta yi ƙara. Ilham ce.

"Shamsiyya, ba Gwaggo wayar."

Na miƙa mata, na sa muryar a bayyane don ba zan iya haƙuri ba.

"Gwaggo, ranar nan ina ɗaki, na ji komai. Ni ma na yi fushi da ke, ban faɗa ba ne kawai. Ki yafe min."

"Ke da aka ɓata wa hoto? Ni zan ce ki yafe."

"Gwaggo, ƙusata tana nan?"

"Tana nan."

"To ki zo da kyamarar. Ni da yarinyar za ki ɗauka. Wancan mai hoton ya ɗauki 'yan rawa."

Da safe ta zauna a bakin gado ta goge ta, ta daidaita ɗan kwabo da ɗigo. Ta sa hijabi, sannan ta ɗauki kyamarar ta rataya a kan hijabin, a fili.

"Gwaggo, ai an gyara. Ba zai motsa ba."

"Na sani. Na gaji da ɓoye ta ne."

Haka muka ratsa Unguwar Kanawa. A Kawo kwandasta na cewa, "A matsa wa Hajiya 'yar jarida!" Ta ce masa, "In ka cika baki in ɗauke ka da haƙoran goron nan." A Rigachikun ta shiga gidan da sallama, kyamara a ƙirji, ta wuce ta gaban matan da suka turo "Allah ya kyauta," ta amsa gaisuwarsu ɗaya bayan ɗaya, ba ta rage wa kowa fara'a ba. Ni dai ban iya ba. Ta shiga ɗakin mai jego, ta sa aka ɗage labule, ta zaunar da Ilham kusa da taga da jaririya a hannu. Kafin ta ɗaga kyamarar sai da ta sake duba ɗan kwabon.

Hoton yana bango yanzu, a kan ƙusar da babana ya buga. Shi kaɗai ne a jerin da amarya ke riƙe da goyo. Ilham ta fito baƙa kamar yadda Allah ya yi ta, ana ganin gashin girarta da 'yar tawadar Allah da ke gefen hancinta. Baba Ubaidullah ya dawo zuwa gaisuwar Juma'a, ya tsaya gaban hoton ya daɗe, ya ce, "Yaya, hannunki na nan." Iyakar abin da ya iya ke nan. Anti Aziza da ta gani cewa ta yi, "Ba laifi, amma na waya ya fi haske."

Har yau ba ta ce wa Gwaggo ta yi haƙuri ba, ba kuma wanda ya goge abin da ya rubuta a zaure. Gwaggo ta ce in bar maganar. Na bar ta a baki, amma hoton lallen mai duhu ban yar ba. Yana albam, shafi ɗaya da na mai ƙosai da na Rigasa, kuma duk wanda ya zo neman hoton wani a wurina, sai mun bi ta wannan shafin kafin in ba shi abin da ya zo nema.